Witticism: Kalmar da Wani Sha'iri Ya Ƙera Don Ya Rama Ba'a

Yawancin kalmomi ba a san ubansu ba. Ɗauki kowace kalma, ta Hausa ce ko ta Larabci ko ta Ingilishi, ka ce sai ka bi sawunta har bakin da ya fara furta ta, ba za ka yi nisa ba sawun zai ɓace maka. Iyakar abin da masu ƙamus ke iya yi shi ne su ce an fara ganinta a rubuce a shekara kaza, alhali ƙila ta daɗe tana yawo a kasuwa kafin wani ya sa ta a takarda. Amma akwai 'yan tsirarun kalmomi da aka san wanda ya ƙera su, aka san shekarar, har aka san abin da ya ɓata masa rai ya ƙera su. Kalmar Ingilishi witticism tana cikinsu.

A yau idan Bature ya ce witticism, yana nufin 'yar gajeriyar magana mai azanci da ke ba da dariya, jimla ɗaya ko biyu, irin wadda mutum kan jefa a tsakiyar hira wuri ya ɗauki dariya, wasu ma su haddace ta su je su maimaita a wani zaman. Ba labarin ban dariya ba ne mai farko da ƙarshe, ba kuma wauta ba ce irin ta wawan sarki. Abin da ke sa dariya a cikinta shi ne kaifin basirar mai maganar da saurin da ya yi ya gano abin da sauran jama'a ba su gani ba. Kalma ce ta yabo, ko aƙalla ba ta zagi ba. Sai dai wanda ya ƙirƙiro ta a 1677, wato John Dryden, da nufin wulaƙanci ya yi ta.

A 1667 John Milton ya fitar da doguwar waƙarsa mai suna Paradise Lost, wadda ke ba da labarin tawayen Shaiɗan da fitar Adamu da Hauwa'u daga Aljanna bisa fahimtar Kirista. Da gangan Milton ya rubuta ta ba amsa-amo. Dryden kuwa shi ne sha'irin fadar Ingila tun 1668, kuma ba wanda ya kai shi iya ɗinka baiti 'yar ƙwar biyu mai amsa-amo a zamaninsa. Sai ya ga ya kamata a mai da waƙar Milton wasan dandali mai kiɗa, ya sake zuba ta cikin amsa-amo, ya sa mata suna The State of Innocence. An ce sai da ya je ya nemi izinin Milton, wanda a lokacin ya tsufa ya makance, dattijon ya ce masa ya je ya yi. Ba a kai ga nuna wasan a dandali ba. Amma kwafen rubutun hannu sun bazu a Landan ba da izininsa ba, kowane mai kwafa yana ƙara nasa kuskuren, masu baki kuma suka samu abin yi. Da ya tashi buga shi a 1677, bayan Milton ya rasu a 1674, sai ya haɗa shi da doguwar gabatarwa ta kare kai.

Cikin abubuwan da aka yi masa dariya a kansu akwai wasu layuka huɗu inda ya siffanta mala'iku bayan sun ci nasara, sun saki jiki, sun bar mashigun sama ba mai gadi, duk sun narke cikin waƙoƙin yabo. Wannan "narke" ɗin ne ya jawo masa. Wani daga cikin masu sukarsa ya ce shi dai ya san ana narkar da anchovy a miya, amma bai taɓa jin an narkar da mala'ika cikin halleluya ba. Anchovy wani ɗan ƙaramin kifi ne da Turawa ke adanawa cikin gishiri, in an jefa shi a tukunya sai ya baje ya ɓace ya bar ɗanɗano, kamar aikin daddawa a miyarmu. Ka dubi yadda mutumin ya ɗauko sha'irin fada daga sama ta bakwai ya dire shi a gindin murhu da jimla guda.

Abin ya yi wa Dryden ciwo, tunda har ya kawo maganar a gabatarwar tasa. Bai ambaci sunan mai ita ba. Ya dai maimaita ta, sannan ya yi gatse, ya ce lallai wannan gagarumin wittycism ne, in za a yafe masa kawo sabuwar kalma, amma akwai bambanci tsakanin mai dariya da mai tarke. Ya ƙara da cewa in haka ne sai mutumin ya je ya yi wa Virgil ba'a shi ma, domin a wurinsa ya aro salon: sha'irin na Rum ya siffanta birnin Troy a daren da aka ci shi da cewa barci da giya sun binne shi. In birni zai iya binnuwa cikin barci, me zai hana mala'ika narkewa cikin yabo? Neman afuwar nan da ya yi ita ce ta zama takardar haihuwar kalmar, domin da bakinsa ya ce sabuwa ce.

Ginin kalmar kansa akwai magana a ciki. Ingilishi yana da ɗafa-ƙeya -ism da ya samo daga Girkanci, ana liƙa shi a ƙarshen kalma. In da Dryden ya bi ƙa'ida, witty da -ism za su ba da wittyism, ba harafin c ko ɗaya. To ina c ɗin ya fito? Daga criticism ya ciro shi, kalmar da ke nufin tarke, wato nazarin rubutu da auna shi. A can c ɗin na gida ne, domin tushen shi ne critic. Dryden ya yanko wutsiyar criticism har da ɗan naman jikinta ya ɗinka wa witty. A ganina ba kuskure ba ne, kuma ba don daɗin furuci kawai ba. Gabatarwar gaba ɗayanta faɗa ce a kan mene ne tarke. A cikinta ne ya ce duk wanda ya ɗauka babban aikin tarke shi ne tonon laifi bai fahimci abin ba, domin tun daga Aristotle, masanin falsafar Girka, ma'auni ne na yin hukunci da kyau. Saboda haka da ya tashi raɗa wa maganar kifin suna, sai ya sa mata sunan da ke amo kamar tarke amma ba tarke ba: ba'a ce ta ari rigar malamai.

Abin mamaki shi ne, a cikin wannan gabatarwa ɗaya ya kuma ba da tasa ma'anar wit, uwar da ta haifi witty, ya ce ita ce dacewar tunani da kalmomi, wato tunani da lafazin da aka zaɓa da kyau suka yi daidai da abin da ake magana a kai. Babu dariya a wannan ma'ana ko kaɗan. Wanda ya san Ingilishin yau zai yi mamaki, domin yanzu wit ba ta rabuwa da raha. Sai an koma baya sosai kafin a gane abin da Dryden ke ƙoƙarin karewa.

A tsohon Ingilishi, wanda aka yi kafin Normandawa su ci Ingila a 1066, wit na nufin hankali, tunani, sani. Akwai aikatau witan, ma'anarsa sani. Majalisar dattawan da ke ba sarakunan wancan zamani shawara ana kiranta witenagemot, taron masana. Har yau ragowar wannan ma'ana na nan a harshen: witness, wato shaida, asalinta sanin abu, wanda aka ce ya kai ƙarshen wit ɗinsa, dabara ce ta ƙare masa, ba barkwanci ba. In aka ƙara tonawa ƙasa, saiwar tana haɗuwa da ta wasu harsuna masu nisa: wissen na Jamusanci, sani, Veda, sunan tsofaffin littattafan addinin Hindu, shi ma ilimi yake nufi, videre na Latin, gani, wanda ta hanyarsa ne muka samu bidiyo da ke cikin wayoyinmu. Tushen duka ɗaya ne, kuma ma'anarsa ta farko gani ce. Wanda ya gani ya sani.

A zamanin Shakespeare, wajen 1600, kalmar tana tafiya da ƙafa biyu. Sanannen zancen nan da ke cewa taƙaitawa ita ce ruhin wit, wanda yanzu ake kawo shi a matsayin shawara ga masu barkwanci, a inda ya fito cikin wasan Hamlet ba barkwanci ake nufi ba, maganar hankali ake nufi. Kuma wanda ya faɗe shi, Polonius, dattijon bafade ne mai surutun tsiya, yana cikin zuba ne ya tsaya yabon taƙaitawa. Amma a wajen Shakespeare ɗin dai akwai Falstaff, ƙaton mashayi, da ke alfaharin cewa ba shi kaɗai ke da wit ba, shi ne ma sanadin da wasu ke samunsa, tunda da shi ake ba'a. A nan kalmar ta riga ta karkata zuwa raha. Malaman wancan ƙarni kuma sun yi ta amfani da ita wajen fassara ingenium na Latin, wato baiwar ƙirƙira da saurin fahimta, wannan ya ƙara tura ta daga sani zuwa hazaƙa.

Ta yaya kalmar sani ke komawa kalmar dariya? Ba Ingilishi kaɗai abin ya sama ba. Witz na Jamusanci da can hankali yake nufi, yau labarin ban dariya ne, shi ne ma kan littafin da Sigmund Freud, masanin halayyar ɗan Adam, ya buga a 1905 game da barkwanci. Esprit na Faransanci ruhi ne da tunani, amma mutumin da aka ce yana da shi a zauren hira, iya magana ake nufi. Mu ma idan muka ce wane ya fita azancinsa hankali muke nufi, idan kuma muka ce yana da azancin magana mun koma kan iya sarrafa harshe. Dalilin, in ka lura, ba mai nisa ba ne. Ilimin da ke cikin kan mutum ba a ganinsa. A zaman jama'a, abin da ake iya gani shi ne saurin amsa, kuma amsar da ta fi saurin karɓuwa ita ce wadda ta sa dariya. Sannu a hankali sunan abin da ke ɓoye ya koma kan alamarsa da ke fili.

A Ingila akwai shekarun da suka ƙara wa wannan sauyi gudu. A 1642 majalisar dokoki ta rufe gidajen wasan kwaikwayo, a 1649 aka fille kan Sarki Charles na Ɗaya, ƙasar ta shiga hannun masu tsaurin addini ƙarƙashin Oliver Cromwell. Da aka dawo da sarauta a 1660, Charles na Biyu ya komo daga gudun hijira tare da fadawan da suka sha zama a Faransa, suka zo da ɗabi'ar fadar can, inda iya hira ke ɗaga mutum ko ya kayar da shi. Aka sake buɗe gidajen wasa. Kalmar wit ta zama har sunan mutum: a ce wane wit ne, wato ɗan gari mai kaifin baki. Gidajen shan kofi, waɗanda na farkonsu a Landan ya buɗe a 1652, suka zama dandalinsu. Da kwabo ɗaya mutum zai shiga ya zauna ya ji labarin duniya, ya kuma jefa tasa. Surutun ya kai har sarki ya ba da sanarwar rufe su a ƙarshen 1675, amma cikin 'yan kwanaki ya janye. Shi kansa Dryden yana da gidan kofinsa, Will's, a unguwar Covent Garden, inda ake ajiye masa kujera kusa da wuta lokacin sanyi, a barandar sama lokacin zafi, samarin marubuta na kewaye da shi.

Irin maganar da ake yabo a wannan zamani, ga misalinta. Ana ba da labarin cewa John Wilmot, mai sarautar Rochester, wanda ya fi kowa baki a fadar, ya tsara wa sarki 'yan baitoci yana cewa ga sarkin da ba mai dogaro da alkawarinsa, bai taɓa faɗin maganar wauta ba, bai kuma taɓa aikata abin hikima ba. Sarki ya ji, ya ce ai gaskiya ne, domin maganata tawa ce, ayyukana kuwa na ministocina ne. Sara da karewa ke nan, kowanne cikin numfashi ɗaya.

Dryden ya sha wannan sara tun kafin maganar kifi. A 1671 George Villiers, mai sarautar Buckingham, da abokansa suka fitar da wasan The Rehearsal, inda suka ƙirƙiri wani marubuci mai cika baki suka sa masa suna Bayes, kowa a Landan ya san da wa ake. Shekara goma Dryden ya jira kafin ya rama a wata waƙar zambo ta 1681. A tsakani, cikin Disamba 1679, wasu 'yan daba suka tare shi da dare a lungun Rose Alley suka lakaɗa masa duka, abin da aka danganta da wata waƙar zambo da ake zargin da hannunsa a ciki. Wato dai mutumin da ya ƙera witticism yana zaune ne a garin da jimla ɗaya kan iya rusa aikin shekara, kuma yawancin masu jefa jimlar 'ya'yan sarauta ne da ba su dogara da alƙalami don cin abinci ba, shi kuwa da shi ya dogara. Ba wai ya ƙi raha ba ne. Tun 1668 ya rubuta cewa saurin mai da martani na cikin manyan kayan adon wasan barkwanci. Abin da ya ƙi shi ne a bar mai raha ya zauna a kujerar alƙali.

Ba shi kaɗai abin ya dama ba. Masu falsafa ma sun shiga. Thomas Hobbes a 1651 ya raba aikin ƙwaƙwalwa biyu, hango kamanni tsakanin abubuwa da kuma tantance bambancinsu, ya ce na farkon in ba na biyun ba a bakin komai yake ba. John Locke a 1690 ya ƙara fito da shi fili: wit shi ne saurin haɗa abubuwan da suka yi kama, hukunci kuwa shi ne natsuwa a raba abubuwan da suka yi kama don kada kamannin ya ruɗi mutum, shi ya sa sau da yawa mai yawan na farko ba ya da yawan na biyu. Sai Joseph Addison a 1711, cikin jaridarsa The Spectator, ya raba abin uku: na gaskiya, wanda ke kan kamannin ma'ana, na jabu, wanda ke kan kamannin lafazi kawai, irin wasa da kalma mai ma'ana biyu, da kuma gaurayen biyun. Ya ƙara sharaɗi guda mai kyau, cewa dole kamannin ya zo da ba-zata. In sha'iri ya ce ƙirjin masoyiyarsa fari ne kamar dusar ƙanƙara, bai ce komai ba. In ya yi ajiyar zuciya ya ce kuma sanyinsa ma haka, to yanzu ya yi magana. A wannan maƙala ce Addison ya waiwayi ma'anar da Dryden ya bayar, ya ce wannan ai ma'anar kyakkyawan rubutu ce gaba ɗaya, in kuwa ita ce wit, to Euclid mai lissafi ya fi kowa wit a duniya. Shekara goma sha ɗaya da rasuwar Dryden, an sake kayar da shi da irin makamin da ya raina. A wannan shekara ta 1711 ɗin dai sha'iri Alexander Pope, yana dab da cika shekara 23, ya ba da ma'anar da ta fi kowace shahara: abin da aka sha tunaninsa amma ba a taɓa faɗinsa da kyau haka ba.

In aka ɗora maganar kifin a kan wannan ma'auni, ina za ta faɗa? Ƙarfinta yana kan kalma ɗaya mai fuska biyu, narkewar tukunya da narkewar jin daɗi, saboda haka Addison zai iya jefa ta cikin jabu ko gauraye. Amma ni ina ganin mai maganar ya fi haka. Ya yi abin da mai tarke na ƙwarai ke yi, ya sa yatsa a daidai inda ɗinkin ya yi rauni. Siffantawar Virgil tana aiki domin binnewa da barci da mutuwa 'yan gida ɗaya ne, kuma birnin mutuwa zai yi a daren. Narkewa kuwa tana jan tunani zuwa ga mai da kitse da ruwa, ba inda Dryden ke so ya kai mai karatu ba ke nan. Inda Dryden ke da gaskiya shi ne, layi ɗaya mai rauni ba ya zama hukuncin littafi, kuma dariya ba ta ba wanda ake wa damar kare kansa. Wanda aka kawo wa hujja zai iya kawo tasa. Wanda aka yi wa dariya kuwa duk bayanin da ya yi ƙara dariyar yake. Shi ya sa bai tsaya ga Virgil kaɗai ba, sai da ya haɗa da nasa gatsen.

Dafin kalmar ya daɗe bai fita ba. Da Samuel Johnson ya buga babban ƙamusunsa a 1755, kusan shekara tamanin bayan haihuwarta, fassarar da ya ba ta gajeriya ce: ƙasƙantaccen yunƙurin yin wit. Amma ya zuwa ƙarshen ƙarni na 19, zamanin da ake rububin maganganun marubuci Oscar Wilde a teburan cin abinci na Landan, ana iya kiran magana witticism ba tare da nufin rainata ba. Dalili ɗaya shi ne uwar ta sauko ta tarar da 'yar. Muddin wit na nufin hankali da baiwa, witticism ƙaramar jabunta ce. Da wit ta koma iya raha, sai ba sauran tazara tsakaninsu, witticism ta zama ƙwaya ɗaya daga cikin buhun. Wani dalilin kuma shi ne harshen yana bukatar irin wannan kalma da za a iya ƙirgawa, a ce ɗaya, biyu, goma, tunda wit ba ta ƙirguwa a wannan ma'ana. Duk da haka ɗan warin raini bai gushe sarai ba. Har yau kalmar tana ɗauke da alamar abin da aka goge aka shirya, wanda mai shi ya san ya iya kuma yana jiran a yaba.

Mai fassara zuwa Hausa zai ga ba ta da abokiyar zama guda. Habaici yana da wanda ake nufi amma ba a kama suna. Zambo yana kama suna ya muzanta. Gatse yana faɗin kishiyar abin da ke zuci. Baƙar magana don ta yi ciwo ake yinta. Barkwanci kuma ya fi ta faɗi nesa. Witticism ba lallai ta sami kowa ba, tana iya zama a kan aure ko tsufa ko kuɗi ba tare da an taɓa wani a wurin ba. Magana mai azanci ita ce ta fi kusa.

'Yan uwanta a Ingilishi kowacce da hanyar da ta biyo. Quip ta girme ta da fiye da shekara ɗari, tun wajen 1530 ake ganinta, kuma masu binciken asalin kalmomi sun fi danganta ta da quippe na Latin, ma'anarsa lallai ko haƙiƙa, wanda ake furtawa da gatse, kamar yadda Bahaushe zai ji an shirga ƙarya ya ce "lallai kam". Repartee daga Faransanci ta shigo a tsakiyar ƙarni na 17, tana nufin saurin mai da martani, riposte kuwa daga filin wasan takobi ta fito, sukan da mutum ke mayarwa nan take bayan ya kare na abokin karawa. Bon mot Faransanci ne tsantsa, kyakkyawar kalma. Faransawan ma har suna suka sa wa amsar da ke zuwa wa mutum bayan ya bar wurin, suka kira ta azancin matakala, daga bayanin da masanin falsafarsu Denis Diderot ya yi cewa wata magana ta rufe masa baki a gidan Jacques Necker, bai dawo hayyacinsa ba sai da ya kai ƙasan bene. Banter ita ma da raini ta fara. A 1710 marubuci Jonathan Swift ya sa ta cikin kalmomin da ke ɓata harshe, ya ce daga bakin 'yan iskan unguwar Whitefriars aka aro ta, ta faɗa hannun barori, daga baya ta ƙare wajen masu ji da kansu a malanta. Yau kalma ce ta kowa.

Da witticism ta daina cizo, gurbin da ta bari bai zauna fanko ba, domin bukatar raba azancin ƙwarai da na banza ba ta tafi ko'ina ba. Amurkawa suka cike shi da wisecrack a farkon ƙarni na 20. Dorothy Parker, wadda ta yi suna a cikin gungun marubutan da suka riƙa haɗuwa cin abincin rana a otal ɗin Algonquin na birnin New York tun daga 1919, jaridu na kwashe abin da suka faɗa suna bugawa, ta gaji da a riƙa kallonta a matsayin mai baki kawai. A wata hira da aka yi da ita a 1956 ta ce akwai tazara mai nisa tsakanin abubuwan biyu: wit yana ɗauke da gaskiya a cikinsa, wisecrack kuwa motsa jiki ne kawai da kalmomi. Ƙamusoshin yanzu suna fassara wisecrack da magana mai wayo ko mai gatse, kuma sukan jera ta tare da quip da witticism a matsayin masu ma'ana ɗaya.